Shadda da Leshi Za Su Istanbul

Masu karatu, yau zan gaya muku abin da ban gaya wa ko ƙawata ɗaya ba. Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san ni, amma saboda sababbin zuwa bari in maimaita. Sunana Kaosarat, 'yar Alhaji Musiliu mai leshi a Kantin Kwari. A Fagge aka haife ni, a Fagge na yi wayo, Hausa ce a bakina, Yarbanci kuwa sai ran Mama ya ɓaci nake jin sa da kyau. Ina da maguna biyu. A ƙarshen watan nan kuma aka sa ranar ɗaurin aurena da Waliu, wanda ke zaune a Istanbul yana haɗa wa 'yan kasuwarmu kaya yana turo musu.

Magunan nan a ɗakin ajiyar kayan Baba na tsince su, tsakanin dilolin yadi, uwarsu ta mutu, idonsu ma bai gama buɗewa ba. Da sirinji na riƙa ba su madara har suka yi ƙwari. Baƙar mai sheƙi na sa mata Shadda, ɗan'uwanta mai ɗigo-ɗigo na sa masa Leshi. Tun daga lokacin a ƙafar gadona suke kwana. Wani manemi ya taɓa cewa in zaɓa, ko shi ko su, ban bari ya ƙarasa shan lemonsa ba na yi masa sallama. Mama ta daɗe tana yi mini gori a kan haka. Waliu ya san labarin, don ni da bakina na ba shi ina dariya. Shi kuwa cewa ya yi, “Ai garin maguna za ki zo. A nan har a ƙofar masallaci suke kwana, ba mai korar su. Ki taho da su, ni na ma fi son haka.” A ranar na ji na saki jiki da shi gaba ɗaya.

Kada wani ya ce dole aka yi mini. Ni na ce ina so. Zuwansa gidanmu sau biyu ne, cikin farar shadda da hula ƙube, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Ya ce shi mutumin Ilori ne, iyayensa sun rasu, bai taɓa aure ba. Baba ya ce tun da suka fara hulɗa ko ƙyalle bai taɓa ɓata a kayansa ba, kuma a wurin Baba wannan ya isa shaida.

Ɗakina yanzu ba wurin sa ƙafa. Akwatuna a buɗe, rigunan sanyi da aka sayo mini a Sabon Gari jibge a kan kujera, Mama kuma kullum sai ta shigo da sabon ƙulli: daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, garin alabo, yaji har kala uku. Wata 'yar'uwar maƙwabciyarmu ce ta sa ni a wani guruf na matan Najeriya da ke zaune a can, a nan na koyi abin da zan riƙe. Sun ce sanyin farko shi ne mai sa kuka. Sun ce masu gidajen haya ba sa son ƙamshin manja a bene. Wata ta ce ta yi wata uku ba ta yi magana da kowa ba sai mai sayar da burodi, shi ma da hannu. Wata kuma ta rubuta, “Amarya, fasfonki da katin zamanki su zauna a jakarki, ko wa ya ce ki ba shi ajiya.” Na tura wa Waliu wannan ina tsokanarsa. Bai yi dariya ba. Ya rubuto, “Ki fita daga guruf ɗin nan. Matan can ba su da aiki sai raba aure.” Na fita. Na ce a raina kishi ne irin na mai so.

Ranar Talata da safe na sa doguwar rigata ruwan toka, na yafa mayafi, na zuba Shadda da Leshi a sabon kejinsu mai ƙofar ƙarfe. Mama tana tsakar gida tana tsince wake.

“Yau ma asibitin magunan?” ta ce. “Telanki yana jiran ki gwada kayan kamu, ke kina yawo da dabbobi.”

“Yau ne na ƙarshe, Mama. Takardar lafiyarsu kawai zan karɓo.”

“Allah ya kawo ranar da za ki ɗauki ɗan mutum haka.”

Na ce amin, na fita na tari adaidaita sahu.

Asibitin dabbobin a Sabon Gari yake, wani ɗan shago mai ɗaki biyu a bayan masu sayar da kayan gyaran mota. Mai wurin Dokta Ifunanya ce, Ibo ce haifaffiyar unguwar, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan. Ita ta yi musu allurar haukan kare, ta ɗebi jininsu aka kai gwaji, ta sa musu ɗan ƙarfen shaida mai kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya. Watanni muna wannan zirga-zirga. Waliu bai taɓa tambayar wane asibiti nake zuwa ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Ta duba haƙoransu da kunnuwansu, ta ɗora su a sikeli, ta sa hannu a takardun ta miƙo mini. Tana cikin yi mini bayanin yadda zan rage musu abinci kafin shiga jirgi sai wayata ta yi ƙara. Waliu ne, kiran bidiyo. Na ɗauka da murna.

“Ango, ka kira a daidai. An gama komai. Ga ma likitarsu, ka yi mata godiya.”

Na juya wayar. Dokta ta ɗago tana murmushi, sai na ga murmushin ya tsaya a fuskarta. Ta matso da kanta kusa da wayar.

“Sodiq?” ta ce.

Na leƙa, na ga yana kallonta, ko ƙifta ido ba ya yi. Can ya ce, “Sannu da aiki, Dokta. Ina jin kin ɗauke ni wani ne.” Sannan ya ce da ni, “Kaosarat, sabis ba kyau, zan kira ki anjima.” Ya kashe.

Dokta Ifunanya ta je ta tura ƙofar shagon, ta dawo ta zauna a kan kujerar da ke gabana. Ta cire safar hannunta a hankali.

“Yaya kika ce sunansa?”

“Waliu.”

“An ɗaura?”

“Saura kwanaki.”

“To ki saurare ni, in kin ga dama ki ce ƙarya nake. Mutumin nan ya tsaya a daidai inda kike zaune. Shekara biyu da wani abu ke nan. Da amaryarsa ya zo, wata yarinya Gumsu, 'yar Barebari daga Rijiyar Lemo, da farar magenta mai ido biyu kala daban. Ni na yi wa magen duk abin da na yi wa naki. Sodiq take kiran sa. Ba na manta shi, don shi kaɗai ne namijin da na ga ya fi matar damuwa da a tafi da mage.”

Na ce, “Mutane suna kama da juna, Dokta.”

“Suna yi. Har da tabon da ya raba masa gira?”

Tabon nan ya ce mini faɗuwa ya yi daga keke yana yaro.

“Ina Gumsun take yanzu?” na tambaya.

“Abin da uwarta take tambayar kowa ke nan. Har nan take zuwa, wai ko yarinyar ta turo mini hoton magen kamar yadda ta saba da farko. Ni nake duba musu tumakinsu, na san gidan. In kina so in kwatanta miki.”

Masu karatu, da na ce ba na so, da yanzu ina gaban tela ana sa mini fil a riga. Na ce ta kwatanta.

Na koma gida na ajiye kejin a ɗakina, na ɗora takardun a kansa, na zuba musu ruwa. Na yi sallar azahar, ban san abin da na karanta ba. Na ce wa Mama wurin tela za ni. Har na fita Waliu bai sake kira ba, saƙo ɗaya ma bai turo ba, shi da ba ya iya awa guda bai tambayi abin da nake yi ba.

Gidan yana cikin wani lungu, ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, ƙamshin turaren wuta tun daga soro. Na yi sallama. Wata dattijuwa doguwa siririya, sanye da lafaya ruwan ƙasa, tana zaune a tabarma tana murza turare a faranti. Ita ce Hajiya Yakaka, mahaifiyar Gumsu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Dokta Ifunanya ce ta turo ni. Hannunta ya tsaya.

“An ji wani labari ne?”

“A'a, Hajiya. Hoto nake so ki duba mini.”

Na buɗe hoton da ya ɗauka da Baba a shago na miƙa mata. Ta kai wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta ajiye wayar a kan tabarma kamar mai ajiye abu mai zafi.

“Ke mece ce tasa?”

“Ni zai aura.”

“Matso nan, 'yata.”

Na matsa. Ta ce Gumsu ita kaɗai ce 'yarta mace, ɗinki take yi, ba ta da hayaniya. Waliu ya zo musu da sunan Sodiq, ya ce shi maraya ne daga Ibadan. Mahaifin Gumsu ya riga ya rasu, kawunta ne ya ba da ita. Aka yi biki, suka tafi da magenta.

Ta ɗauko tata wayar, tsohuwa mai fasasshen gilashi, ta nuna mini bidiyoyin farko. Ga Gumsu a jirgin ruwa, iska tana ɗaga mayafinta, tsuntsaye suna bin su. Ga ta a kasuwa tana ɗaga wani ƙaton tumatir tana dariya. Ga ta a kicin tana gwada faɗin sunan cokali da tukunya da yaren can, tana tuntuɓe tana sake faɗa. Ga magen kwance a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki. Na kalli labulen da ke bayanta, kore mai zanen ganye, na kalli agogon bango mai siffar jirgin ruwa. Kullum in Waliu ya kira ni, su nake gani a bayansa. Ya ce mini sabon gida ne, saboda ni ya kama shi.

“Da sanyi ya shigo sai ta rage kira,” in ji Hajiya Yakaka. “In ta kira, yana gefenta. Na ce mata kin rame, ta ce abincin ne bai karɓe ta ba. Wata rana ta kira ni shi ba ya nan, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Ya, wato Mama da yarenmu, ya kulle magen a baranda cikin sanyi saboda na fita sayen burodi ban tambaye shi ba. Ta ce tana jin kukanta, mabuɗin yana aljihunsa. Na ce ki yi haƙuri, zaman aure ne. Abin da na ce mata ke nan.”

Ta gyara lafayarta, ta ci gaba.

“Daga nan murya ta ɗauke, sai rubutu. Ina lafiya, ku yi mini addu'a. Gumsu ba ta taɓa rubuta mini Hausa ba, da yarenmu take yi mini magana tun tana goye. Na ce a turo mini muryarta. Sai shi ya kira kawunta, ya ce ya sake ta, ta kwashe kayanta ta bi wasu ƙawaye, bai san inda take ba. Bayan nan lambarsa ta daina shiga.”

“Ba ku kai ƙara ba?”

“Mun je duk inda aka ce mu je. Kowa sai ya tambayi cikakken sunansa da adireshinsa. Sunan da muka sani ba a same shi ba. Adireshin kuwa ita kanta ba ta iya faɗa ba, bare ni.”

Ta kama wuyan hannuna. Yatsunta sanyi ƙalau, amma riƙon da ƙarfi.

“Ba zan ce ki je ba. Wallahi ba zan ce wa 'yar wani ta je ba. Amma ke kaɗai ce na gani da za a buɗe wa ƙofar gidan nan. In ba za ki ba, ki samo mini sunan unguwar kawai. Ko kabari ne a nuna mini in san inda zan riƙa fuskanta in na yi mata addu'a.”

Na ce zan yi iya ƙoƙarina. Ta tura mini hoton Gumsu a wayata, ta rako ni har soro, ta ƙulla mini turare a leda, wai ba a zuwa gidanta a fita hannu sake.

A cikin adaidaita sahu na shirya maganata tsaf. Zan jira Baba ya dawo daga kasuwa, ya ci abinci, in durƙusa in gaya masa komai, in ce a kira Dokta ta maimaita a gabansa. Na san za a yi tashin hankali. An raba katin biki, dangi daga Ilori da Legas sun yi ankon leshi, rabin kayan shagon Baba ta hannun Waliu suke zuwa. Duk da haka na ji zuciyata ta tsaya wuri ɗaya. Zan fasa. In kwashe rigunan sanyin in bayar, ni da magunana mu ci gaba da zamanmu a Fagge.

Ana kiran la'asar na shiga gida. Mama tana kicin tana kaɗa miyar ewedu, wato lalo, rediyo a kunne. Na wuce ɗakina. Kullum in na taɓa ƙofar nan sai Leshi ya fara kuka daga ciki. Ban ji komai ba. Na tura. Kejin ba ya nan, takardun ba sa nan. Kwanon ruwansu ne kawai a ƙasa, da ɗan bargon da suke kwanciya a kai. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan akwatuna, ina kiran sunayensu kamar ban ga abin da na gani ba.

“Mama, ina magunana?”

Ta leƙo da maburgi a hannu, fuskarta a sake.

“Au, bai gaya miki ba? Ai mijin naki ya hutar da ke. Kina fita ba daɗewa ya kira ni da kansa. Ya ce an samu wani abokinsa da zai tashi daga Abuja gobe, gara a tura su gaba, kada ki yi fama da keji ga akwatuna ranar tafiya. Wani mutum ya zo da mota mai baƙin gilashi, mai ladabi, har ya ba ni goro. Na haɗa masa da takardun da na gani a sama.”

“Kin ba shi su?”

“To da in hana? Ke da kike ta kukan kada a raba ki da su, ga wanda ya ɗauki nauyinsu tun kafin ya ɗauki naki.”

Na zauna a bakin ƙofa. Na gaya mata komai, tun daga asibiti har gidan Hajiya Yakaka, har labule da agogo. Na nuna mata hoton Gumsu. Ta kashe rediyon. Ta daɗe tana kallon yarinyar. Sai ta miƙo mini wayar, ta koma Yarbanci, murya ƙasa.

“Kada babanki ya ji wannan yau. Jininsa ya hau tun shekaranjiya. Mace ta bar mijinta a ƙasar waje, shi ne me? Mun ji ta bakinsa? Ki bari a ɗaura, sai a bincika a hankali.”

“A ɗaura sannan a bincika, Mama?”

Ta koma kicin, na ji miyar tana ƙonewa, ba ta sauke ba.

Na kira shi, bai ɗauka ba. Na sake kira, ya katse. Ina zaune a wurin riƙe da bargonsu, gashin Shadda duk ya manne a rigata, sai saƙo ya shigo. Hoto ne. Kejin a bayan mota, tsakanin wasu kwalaye. Shadda ta dunƙule a lungu ta juya baya, Leshi ya manna fuskarsa a ƙarfen ƙofar, bakinsa a buɗe. A ƙarƙashin hoton akwai saƙon murya. Na kai wayar kunnena. Muryarsa a kwance take, da ɗan murmushi a cikinta, irin wadda yake yi mini sallama da ita kullum.

“Amaryata, kada ki damu, sun wuce Zariya lafiya. Jibi suna hannuna. Na gyara musu baranda, sai dai an fara sanyi a nan. Ke kika gaya mini Leshi ba ya cin abinci in ba ya ganinki, to kada ki bar shi ya daɗe yana jira.”

Na zaci ya gama. Sai ya ƙara da cewa, “Da fatan kin samu Hajiya Yakaka lafiya.” Ban taɓa ambata masa sunan nan ba, ban kuma gaya masa inda na je ba.

A waje na ji ƙarar motar Baba tana tsayawa, na ji yana gaisawa da maƙwabta, suna yi masa Allah ya sanya alheri. Mama ta fito daga kicin ta tsaya a tsakanina da ƙofar soro, tana girgiza mini kai. Na miƙe, wayar tana hannuna, na ƙure muryarta har ƙarshe, na ɗora yatsana a kan saƙon. Baba ya yi sallama.